Ranar da Na Kashe Wutar Wankan Jego

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, Shi da Ya ba ni rubutu bayan furfura ta riga ta fito mini. Wanda ya ga harafi a karkace ya yi haƙuri, hannun tuƙin tuwo ne. Maganar da ke ciki dai a miƙe take. Don matan unguwarmu ta Zongo na rubuta, musamman masu 'ya'ya mata da ciki ya tsufa.

Sunana Ladi, mai tuwo a bakin kara, inda ake sauke shanun Arewa. Mijina ya rasu ya bar ni da yara. Babbarsu ita ce wadda zan ba da labarin jinyarta.

Sai na fara da asibitinmu, don ba don shi ba da wani labarin nake rubutawa. Yaran yanzu suna zaton da shi aka halicci unguwa. Ƙarya ne. Siton goro ne na wani Alhaji, har yau in damina ta yi nisa bangon yana tashi da warin goro. Farkon zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa ya koma kamarad, aka ce kowace unguwa ta kafa kwamiti ta faɗi abin da ke damunta. Maza suka ce fitilar titi. Na miƙe na ce fitila ba ta taɓa karɓar haihuwa ba. Mun gaji da mata suna haihuwa a bayan motar shanu kafin a kai babban asibiti. Aka yi mini caa, delege, wato mai unguwar da gwamnati ta naɗa, ya ce in zauna, na ce ba na jin Faransanci. Da Hausa ya faɗa.

Ƙarshenta Alhaji ya ba da siton. Wani mai mota ya kwaso mana yashi daga bakin teku a Fidjrossè, mu mata muka yi ta dakonsa a ka ranakun aikin gayya. Ɗaki biyu da baranda, shi ke nan. Gwamnati ta kafa tutarta mai jan tauraro, ta turo mana unguwarzoma, Madam Selestin, 'yar asalin kudu ce mai Hausar kasuwa, da wani likita da ke zuwa a kan babur ranakun da aka yanka masa. A barandar nan aka yi mana yaƙi da jahilci da yamma, a kan bencin marasa lafiya. Nan na koyi baƙi da wasali.

To, 'yata 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna damuwa a kansa. Ga shi kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kunya ta zama biyu. Gida ana ce mata Uwani. Ni ko Uwanin ba na faɗa. “Ke” nake cewa, ko in yi gyaran murya, ta gane da ita nake. Ni da bakina ya gagari delege, a kan yarinyar nan bebiya ce.

Ta auri Idi, dillalin shanu. Cikin fari ta zo gida, ta haihu lafiya a hannun Madam, namiji, ana tsakiyar damina. Tunda ba zai yiwu in yi mata wanka da hannuna ba, aka aika Arewa, yayar mijina Hassi ta zo. Yara na ce mata Gwaggo, ni ina ce mata Yaya. Ta sauka da buhun jar kanwa da ƙullin yaji. Tana shigowa ta taɓa bangon ɗaki, ta duba tafin hannunta.

“Ladi, a nan kuke kwana? Bango na gumi kamar mutum. Wannan gari a kan ruwa yake zaune. Sanyin nan ya ninka namu.”

Na ce, “Yaya, mu zafi ne ke kashe mu a nan.”

“Zafin fata daban, sanyin ƙashi daban. Mai jego ɗanyen nama ce. In ba a gasa ta ba, sanyi ya shige ta, sai dai wata ba ita ba.”

Daga wannan lissafi nata komai ya taso. Tunda garin ya fi laima, sai ta ninka komai. Rabin duro na ruwa a kan murhu safe da yamma, sai ya tafasa yana tsalle, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa wa mai jego. Kunun kanwa ba ƙwarya ɗaya ba, duk sanda ta buɗe ido. Da yake ba mu da gadon ƙasa da ake hura wuta a ciki irin na Arewa, sai ta tura kaskon gawayi ƙarƙashin gadon ƙarfe, ta toshe taga da tsumma. Na shiga ɗakin sau ɗaya, na fito kamar an tsamo ni daga rijiya.

Makon suna lafiya lau. Ta yi kyau, ta yi ƙiba, mata na yaba hannun Gwaggo.

Mako na gaba na lura zobenta ya nutse a yatsa. Takalminta ya ƙi shiga. Ta fara wani ɗan tari, busasshe. Ban tambaye ta ba, ina ni ina tambaya? Sai in ajiye tuwo a bakin ƙofa in tsaya ina gyara ɗaurin zane, ina kasa kunne.

Mako na uku ƙafafun suka zama kamar taɓarya. Ta daina kwanciya. In ta miƙe a gado sai numfashi ya sarƙe, don haka a zaune take barci, ta jingina da bango. In tana ba yaro nono sai ta tsaya ta huta, kamar mai hawan tudu da kaya. Na sami Yaya a bakin murhu.

“Yaya, ba ki ganin yarinyar nan ta kumbura?”

“Na gani tun kafin ki gani. Sanyi ne, ai na faɗa. Da ban zo ba da tuni. Gobe zan ƙara kanwa.”

“Ko a kira Madam ta duba?”

Ta ajiye muciya ta ƙare mini kallo. “Ikon Allah. Yau na ga uwar da ke bin 'yar fari da ido. Zaman bakin teku ya wanke miki kara, Ladi. Da ƙanena na da rai ba ki yi ba.”

Maƙwabta ma kowa da nasa. Wata ta ce maiko ne na jego, alheri ne. Wata ta ce baki ne, a nemi rubutu. An nema, ta sha. Wata ta kawo saiwa daga kasuwa, ita ma da kanwa ake dafa ta.

Ban kira Madam ba, amma na bi ta asibiti na ce mata cibiyar jariri kamar tana ruwa. Cibiya lafiyarta ƙalau. Ta zo da yamma, ta duba yaro, ta dube ni, ta gane. Ta durƙusa ta danna ƙaurin mai jego da babban yatsa. Ta ɗaga hannu, ramin ya zauna, kamar an danna tuwo mai zafi.

“Mama Ladi, wannan ruwa ne. A kawo ta likita ya gani. Wuta ya isa, kanwa ya isa.”

Yaya ta ce, “Mai jego ba ta ƙetare zaure sai ta yi arba'in. Ke kin taɓa wankan jego?”

“Na haifi huɗu, Gwaggo. Ga ni.”

“Jikinku daban. Ku 'ya'yan ruwa ne.”

Madam ta tafi, a zaure ta riƙe mini hannu. “Kada ki jira arba'in. Ba za ta kai ba.”

Wannan magana ta hana ni sukuni. Ina tuƙa tuwo ina jin ta. Na zuba wa mutum miya sau biyu, wani na ba shi gaya. Daga kara zuwa gida ba nisa, amma duk yaron da ya taho da gudu sai in ce shi ke nan, aiko shi aka yi.

Saura mutum ɗaya da Yaya za ta ji maganarsa, mijin yarinya. Surukina ne, ba ma haɗa ido. In ya hango ni sai ya sake hanya. Na aje faranti na ratsa cikin shanu har inda yake ciniki. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa cikin taɓo.

“Inna, lafiya? Da kin aiko.”

“Aike ya ƙare. Matarka za ta mutu.”

“Subhanallahi. Gwaggo ta ce sanyi ne, yana fita. Ni yaro ne, Inna, me na sani a harkar jego? Kwana nawa ya rage a yi arba'in…”

“Idi, in saniyarka ta kumbura tana haki, arba'in kake jira?”

Ya zo gida da yamma, Yaya ta yi masa tatas ta bayan labule, ta ce shi da uwarsa duk da ruwan zafi aka raya su. Ya fita da kai a sunkuye. Ya ce mini a zaure a ba shi kwana biyu ya lallashe ta.

Ba mu sami kwana biyun ba. Washegari aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungunmu ya zama kogi. Yaya ta ja murhu ƙarƙashin rumfa, duro na tafasa. Ta shiga ta fito da yarinyar tana jan ta, don ƙafafu ba sa ɗaukarta. Suka zo wucewa ta gabana. Na ga leɓenta ya yi toka-toka. Ta yi tari, wani kumfa ya fito mai ɗan ja-ja. Sai ta ɗago ta dube ni. Ba ta kira ni ba, ita ma ai da kunyar aka raine ta.

Akwai bokiti da na tara a bakin indararo, ya cika. Na ɗauka na sheƙa shi a murhu. Wuta ta yi tsuwa, hayaƙi da toka suka turnuƙe rumfa.

Yaya ta ƙwalla salati. “Kin kashe ta! Wallahi kin kashe 'yar ƙanena!”

Na ce, “In ta mutu a hannuna, ki kai ni ƙara Arewa. Sakar mini ita.”

Na juya baya na durƙusa, na jawo ta, na ɗaure da zane. Tun tana jaririya ban taɓa goya ta a idon mutane ba, kakarta ce ke goyo. Sai ga ni na goya ta tana da ɗa. Nauyinta ya ba ni tsoro, ba nauyin mutum ba ne, nauyin tulu ne. Na faɗa cikin ruwa har gwiwa. Mata na leƙe ta ƙofa, wata na cewa, “Ladi ta haukace.” Numfashinta a kunnena kamar ana tafasa abu a ƙaramar tukunya. Ina tafiya ina cewa a raina, muddin ina jin tafasar nan tana da rai.

A lokacin ƙasa ta shiga wani hali. Ma'aikata sun yi wata da watanni ba albashi, wurare da yawa an daina aiki. Tutar asibitinmu ta koɗe, kabad ɗin magani ya koma gidan gizo. Madam kuwa kullum tana buɗe ƙofa. Baranda cike da masu jira, masu zazzaɓi da masu yara. Ban bi layi ba, kuma ba wanda ya ce in bi. Wani tsoho ma janye ƙafarsa ya yi.

Madam ta zaunar da ita a gado, ta tara mata matasai a baya, ta sauke ƙafafunta ƙasa, ta buɗe tagogi duka. Ta ciro wata 'yar kwalba daga aljihun rigarta, ta ce ita kaɗai ta rage, ta yi mata allura. Idi ya iso a jiƙe. Ba ranar likita ba ce, Madam ta kwatanta masa gidansa a Agontinkon, ya tari zemijan, wato ɗan acaɓa, ya tafi.

Sai kan yarinyar ya fara langaɓewa. Ido na juyawa.

“Kada ta tafi, Mama Ladi. Yi mata magana. Muryata ba ta ji.”

Na kama kafaɗarta. “Ke! Ke, buɗe ido!”

“Wace ce ke? Matan duniya duka ke ne! Kira sunanta!”

Na buɗe baki, ya ƙi fita. Wallahi ya ƙi. Kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Na waiwaya, sai ga Yaya a bakin ƙofa, ta biyo mu cikin ruwan nan da jariri a ƙirji, ta lulluɓe shi da tabarmar salla. Sunan nan na mahaifiyarta ne. Ta dubi gadon, ta dube ni.

“Kira mana, Ladi. Me kike jira?”

“Rakiya!”

Har baranda an ji. “Rakiya! Ni ce. Rakiya, dube ni!”

Ta buɗe ido a hankali, tana nema, kamar ba ta san daga ina muryar ta fito ba. Ta same ni. Ban daina kira ba har na ji ƙarar babur a waje.

Likita ya shigo wandonsa a naɗe. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta da bayanta, ya daɗe. Ya ce wa Madam, “Ker fatige.” Kalmar nan ta zauna mini har yau. Madam ta ce, wai zuciya ta gaji. Ya yi bayani tana juya mini da Hausa: haihuwa ta riga ta wahalar da zuciyar, kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana sa ta gudu. An ɗora wa jaki kaya, an ƙara masa, ana kuma dukansa ya yi sauri. Ruwan ya rasa wurin zuwa, ya hau huhu.

Na ce, “Kamarad Dokta, za ta tashi?”

Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce bai sani ba tukuna. Ya ce kamata ya yi a kai ta babban asibiti, amma a yadda abubuwa suke a can, ga hanya ta cika, gara ta zauna inda ido ke kanta. Ya rubuta ordonansi, takardar sayen magani. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, “San sel.” Ba gishiri, ba kanwa, ko ƙwaya.

Yaya ta ja ni gefe. “Shi wannan Kamarad ɗin, sunan gidansu ne? Na ji delegenku ma Kamarad.”

Na ce, “Duk garin dangi ne, Yaya.” Ranar ke nan da na fara dariya, ina yi hawaye na zuba.

Neman magani wata jinyar ce. Idi ya zaga kantunan magani na unguwar Ganhi ɗaya bayan ɗaya, nan a ce ya ƙare, can a ce sai jirgi ya zo. Allura a wani shago, ƙwaya a wani. Ya sayar da sa a kan farashin da ba zai faɗa wa ubansa ba. Ni na rufe tukunyar tuwo, masu cinikina suka koma wurin wata. Ina godiya ga gwamnatin da ta koya mini rubutu, kuma da rubutun nata nake tambaya: wanda ya iya aiko da tuta, me ya hana shi aiko da allura?

Makon farko a asibiti fitsari ta yi ta yi, ina fitar da fo ina godiya ga Allah kamar zinariya nake ɗauka. Ban yarda da barcinta ba. Da ta lumshe ido sai in sa mata yatsa a hanci. Likita ya riƙa biyowa ko ba ranarsa ba, man babur daga aljihunsa. Mako na biyu zobe ya zame da kansa ya faɗi a zane. Amma nono ya ragu, yaro na tsala kuka, Yaya ta shiga sintiri tana cewa kunun kanwa ne ke kawo nono. Na ce in na ga kanwa a barandar nan, ni da ita sai delege ya raba. Madam ta ce a dama kunun gyaɗa. Aka dama. Nonon ya dawo kaɗan-kaɗan.

Mako na uku tarin ya dawo, ƙafa ta ɗan tasa. Ashe wata 'yar dubiya ce ta tausaya mata, ta miƙa mata kilishi a ɓoye. Ban faɗi sunanta a nan ba, amma ta ji nata a baki.

Yaya ce ta karɓi girkin san sel. Takan ɗanɗana ta yamutsa fuska. “Wannan ko akuya aka ba wa sai ta kai ƙara.” Amma ba ta taɓa jefa ko ƙwayar gishiri ba. Wata rana muna zaune a baranda, kan bencin da na koyi karatu, sai ta ce mini:

“Ladi, tawa Hadiza haka ta kumbura. A jegonta na fari. Aka ce wanka ne bai isa ba, ni ce na yi mata sakaci. Shi ya sa da na zo nan na ce wannan karon…”

Hadiza 'yarta ce, ba ta tashi daga wannan jegon ba. Na matsa kusa da ita kawai.

Ranar da aka sallame mu, ta jawo ragowar buhun kanwa ta ajiye gaban Idi. “Kai wa shanunka su lasa. Su ba jego suke ba.”

Arba'in ta same mu a asibiti, ba a yi shagali ba. Tun daga lokacin Madam ta kafa doka: duk wadda ta haihu a hannunta, za ta bi ta gida ta danna mata ƙauri, ko gwaggo ta so ko ta ƙi. Likita ya samo wani tsohon sikeli aka ajiye a ɗakin baya don masu jego. Matan da ba su taɓa jin Faransanci ba yanzu sun san san sel. Siton goro bai ƙara ɗaki ko ɗaya ba, amma ya ƙara wannan.

Ban ce kada a yi wanka ba. A yi da ruwa mai ɗumi, a ci mai kyau, a huta. Amma in kun ga zobe ya nutse, takalmi ya ƙi shiga, mai jego ta kasa kwanciya sai a zaune, to ku kashe wuta ku ɗauke ta. Kada ku jira arba'in, kada ku jira miji ya gama lallashi. Kunya ba ta bin mutum kabari ta yi masa bayani.

Ban ce mun tsira ba. Likita ya gaya wa Idi a gabana cewa zuciyar da ta taɓa gajiya ba ta mantuwa, wani cikin yana iya tayar da ita, su dakata sai ya ce. Har yanzu tana shan ƙwaya, in ta ɗebo ruwa sai ta zauna. Duk sanda na ga ta yi ƙiba, ba na murna sai na danna.

Ta koma ɗakinta, bayan masallaci. Hanyata ta zuwa kara ba ta nan ba ce, amma ta nan nake bi. Kowace safiya nakan tsaya a ƙofar gidan da tukunya a ka, in ɗaga murya. Matan lungu na dariya, wai Ladi ta zubar da kunyarta a ruwan damina. Su yi ta yi. Tsakanin kirana da amsawarta ba na numfashi.

Rannan na kira, shiru. Na sake, shiru. Na dire tukunya a ƙasa, miya ta fantsama, na kutsa cikin gidan suruki ba sallama ina ƙwala kira. Sai ga ta ta fito daga bayan ɗaki da yaro a hannu, duk kumfar sabulu.

“Inna, ai na ji tun na farko. Sau ɗaya ya isa.”

Na ce, “Bai isa ba, Rakiya. Ramuwa nake yi.”